Wa ke sayen ɗan wasa: mai ƙungiya, koci, ko janar manaja?

A gidajen kallon ƙwallo na Sabon Gari da Samaru da Tudun Wada a Zariya, da zarar sabon ɗan wasan da aka sayo da tsada ya ɓarar da ƙwallo a bakin raga, abin da ke fara fita daga bakin 'yan kallo shi ne kocin nan bai iya saye ba. In kuma aka sayar da wanda ake so, sai a ce shi ya kore shi. Alhali a manyan ƙungiyoyin Turai na yau, sau da yawa ba kocin ne ya yi cinikin ba, ba shi ya sa farashi ba, wani lokaci ma ɗan wasan ba shi ne na farko cikin waɗanda ya nema ba. Mutum uku ne ke riƙe da ragamar: mai ƙungiya, da koci, da wani na tsakiya wanda Turawa ke kira daraktan wasanni, a Amurka da nan gida kuma aka fi sani da janar manaja. Yadda ukun nan suka raba iko shi ke sa ƙungiya ta ɗore, ko kuma ta riƙa rushe gininta tana sake haƙa tushe duk bayan shekara biyu.

Abin da ke sa rabon ya yi wuya shi ne kowannensu da nisan da yake hange. Koci wasan Asabar yake kallo. Ya san in ya sha kashi sau biyar a jere za a sallame shi, don haka idan aka tambaye shi zai zaɓi gogaggen ɗan shekara 30 da zai shiga fili gobe ya yi abin da aka ce. Darakta shekara uku zuwa biyar yake hange: shekarun 'yan wasa, ranar da kwantiragin kowa zai ƙare, wanda darajarsa ke hawa da wanda tasa ke sauka. Shi ɗan shekara 30 ɗin nan, a idonsa, albashi ne mai nauyi da ba za a iya sake sayarwa ba. Mai ƙungiya kuwa asusu yake kallo, da sunansa a bakin magoya baya. Duk cikinsu babu wanda hangensa ba shi da hujja. Matsala tana tasowa ne idan hangen mutum ɗaya ya danne na sauran biyun, ko kuma idan ba a taɓa zama an fayyace wa ke da magana ta ƙarshe a kan me ba.

Tsohon tsarin Ingila mutum ɗaya yake damƙa wa komai, shi ya sa ma suke kiransa manaja. Alex Ferguson ya riƙe Manchester United daga 1986 zuwa 2013, Arsene Wenger ya riƙe Arsenal daga 1996 zuwa 2018, kuma a mafi yawan shekarun nan su ke cewa a sayo wane, a sallami wane. Amma ko su suna da abokan shawara masu ƙarfi. Wenger yana da David Dein da ke zama teburin ciniki har 2007, Ferguson kuma yana da David Gill a shekaru goman ƙarshe. A Italiya da Sifaniya da Jamus, tun da daɗewa aikin koci horarwa ne da jan ragamar wasa, saye da sayarwa na darakta ne. Misalin da aka fi bayarwa shi ne Monchi, tsohon mai tsaron ragar Sevilla da aka ba kujerar darakta a 2000 lokacin da ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu. Shi ya kawo Dani Alves daga Bahia ta Brazil da ɗan kuɗi kaɗan, ya kawo Kanoute daga Tottenham da Seydou Keita daga Lens, sannan a 2008 ya sayar wa Barcelona da Alves da Keita da riba mai yawa. Kociyoyi sun zo sun tafi, amma kofin Turai na biyu a daraja, wanda yanzu ake kira Europa, ya shiga Sevilla a 2006 da 2007 a hannun Juande Ramos, ya sake shiga a 2014 da 2015 da 2016 a hannun Unai Emery. Yanzu Ingilar ma ta koma wannan hanya. Da Liverpool ta ɗauki Arne Slot a 2024, muƙamin babban koci ta ba shi, ta sa Richard Hughes a kan harkar saye.

Yadda ciniki ɗaya ke tafiya

Komai daga kasafi yake farawa, kuma nan ne filin mai ƙungiya. Tun kafin kaka ta ƙare yake faɗin abin da zai iya fitarwa, kuma tukunya biyu ce ba ɗaya ba: kuɗin saye da kuɗin albashi. 'Yan kallo na farkon suke gani a labarai, amma na biyun ne ke karya ƙungiyoyi, domin kuɗin saye sau ɗaya ake yarda da shi, albashi kuwa duk mako ne har kwantiragi ya ƙare, ko ɗan wasan yana buga wasa ko yana zaman benci. Dokoki ma sun sa masa iyaka. A Firimiyar Ingila dokar da ta hana asarar sama da fam miliyan 105 cikin shekara uku ita ta jawo aka zaftare wa Everton da Nottingham Forest maki a kakar 2023/24. Hukumar ƙwallon Turai kuma ta sa ƙa'idar cewa abin da ƙungiya ke kashewa kan albashi da saye da kuɗin dillalai kada ya wuce kashi 70 cikin 100 na kuɗin shigarta. Mai ƙungiyar da ya san aikinsa yana faɗin adadi, ya naɗa mutanen da ya amince da su, sannan ya ja baya har sai an kawo masa takarda don sa hannu.

Daga nan sai darakta da koci su zauna a gaban allo. A kan allon akwai gurbi goma sha ɗaya, a ƙarƙashin kowane gurbi akwai sunan mai riƙe da shi, da mai jiran gado, da yaron makarantar ƙungiya da ake sa ran zai taso. A gefen kowane suna ana rubuta shekaru, da albashi, da shekarar ƙarewar kwantiragi, da yawan wasannin da rauni ya hana shi. A Firimiya mutum 25 kawai ake iya rajista, kuma waɗanda ba a raina a gida ba kada su wuce 17, ban da 'yan ƙasa da shekara 21 da ba a ƙirga su. Don haka kowane sabon shigowa yana nufin wani zai fita. Allon nan shi ke nuna abin da ido ba ya gani a fili, misali cewa masu tsaron baya uku duk sun haura 30 kuma biyu kwantiraginsu zai ƙare a bazara guda.

Aikin koci a wannan zama shi ne ya bayyana irin mutumin da yake buƙata kafin ya ambaci suna. Kada ya ce ina son wane. Ya ce ina son ɗan baya mai ƙafar hagu, mai gudun da zai iya tsayawa kusa da tsakiyar fili ba tare da an zura masa ƙwallo a baya ba, mai iya fitar da ƙwallo a ƙasa idan an matsa masa. Wannan bambanci ƙarami ne a ji, amma babba ne a ciniki. In koci ya kafe kan suna ɗaya, ƙungiyar da ke da ɗan wasan za ta ji labari, dillalinsa zai ji, farashi ya tashi, domin an san ba ku da wata mafita. In siffa ya bayar, masu farautar 'yan wasa za su iya fito da sunaye da dama daga ƙasashe daban-daban, a tace su da alƙaluma da bidiyo, a rage zuwa kamar goma, a tura mutane su kalle su ido da ido a gida da waje, ranar nasara da ranar da aka ci su. Ba a cinikin biri a sama. Bidiyon da dillali ya haɗa ba ya nuna yadda yaro ke yi idan ƙwallo ba ta ƙafarsa, ba ya nuna ko yana makara zuwa atisaye, ko yadda yake karɓar faɗan koci. Irin wannan sai an tambayi tsofaffin kociyoyinsa da abokan wasansa.

Idan jerin ya dawo mutum uku zuwa biyar, sai a zo wurin da ake yawan samun saɓani. Ƙa'idar da ta fi aiki ita ce kowanne cikin biyun yana da ikon ƙi, amma babu mai ikon tilastawa. Darakta ba zai sayo wanda koci ya ce ba zai sa a fili ba, domin hakan zubar da kuɗi ne. Koci kuma ba zai tilasta a sayo wanda ya fi ƙarfin kasafi ko wanda likita ya yi shakka a kansa ba. Tsakanin iyakokin nan biyu sai lallashi da hujja. Cinikin Mohamed Salah zuwa Liverpool a 2017 ya nuna yadda abin ke tafiya idan akwai yarda. An ruwaito sosai cewa koci Jurgen Klopp ya fi karkata ga Julian Brandt, amma darakta Michael Edwards da masu farautar 'yan wasa suka yi ta kawo masa hujja a kan Salah na Roma har ya gamsu. An saye shi ƙasa da fam miliyan 40, ya ci ƙwallo 32 a gasar Firimiya a kakarsa ta farko. Abin lura shi ne ba a ɗora wa Klopp shi ba, shawo kansa aka yi, shi ya sa da ya zo aka gina wasa a kansa.

Teburin ciniki na darakta ne, kuma gara koci ya nisance shi. Kocin da ya zauna yana taya albashin yaro ƙasa-ƙasa ranar Talata zai sha wuya ya ce masa ka mutu mini a fili ranar Asabar. Cinikin kansa ba adadi ɗaya ba ne. Akwai abin da za a biya nan take, da wanda za a biya kashi-kashi cikin shekara biyu ko uku ko huɗu, da ƙarin da ya dogara ga yawan wasanni ko shiga gasar zakarun Turai, da kason da tsohuwar ƙungiya za ta samu in an sake sayar da shi gaba. Akwai kuɗin dillali, da kuɗin sa hannu, da farashin fansa da ake rubutawa a kwantiragi, irin yuro miliyan 222 da aka biya a 2017 Neymar ya bar Barcelona ba tare da ta iya hanawa ba. Inda kocin ke da amfani shi ne kiran waya ɗaya, ya gaya wa yaron gurbin da zai buga da abin da ake tsammani daga gare shi.

Sai gwajin lafiya, inda ya kamata likita ya iya tsayar da ciniki ko da an gama shela. Sai takardu. Ciniki tsakanin ƙasa da ƙasa dole ne ƙungiyoyin biyu su shigar da bayanai iri ɗaya a manhajar FIFA kafin kasuwa ta rufe, sannan hukumar tsohuwar ƙasa ta fitar da takardar sallama. A daren 31 ga Agusta 2015, komawar David de Gea daga Manchester United zuwa Real Madrid ta rushe saboda takardun ba su kammala kan lokaci ba, ƙungiyoyin biyu suka yi ta ɗora wa juna laifi.

Sayarwa ta fi saye zafi

Babu kocin da ke son a taɓa gwaninsa, amma a nan lissafi ke da ƙarfi. A littafin kuɗi, ana raba kuɗin saye a kan shekarun kwantiragi. A ɗauka an sayi ɗan wasa fam miliyan 50 da kwantiragin shekara biyar: duk shekara miliyan 10 ake rubutawa. Bayan shekara biyu darajarsa a littafi miliyan 30 ce. In aka sayar da shi 35 an ci ribar 5, in aka sayar 20 an yi asarar 10 a wannan shekarar. Wannan ne ya sa Chelsea ta ba Enzo Fernandez da Mudryk kwantiragin shekara takwas da rabi a Janairun 2023, don nauyin ya bazu, har hukumomi suka toshe ƙofar a wannan shekarar suka ce rabon kada ya wuce shekara biyar. Shi ne kuma ya sa ake yawan sayar da yaran gida irin su Mason Mount da Conor Gallagher: ba a saye su ba, don haka duk abin da aka karɓa riba ce zalla a littafi. Magoya baya suna ganin rashin kara, koci yana ganin an rage masa ƙarfi, akanta kuwa yana ganin abin da zai hana a zaftare maki.

Ga kuma agogon kwantiragi. Tun hukuncin kotun Turai na 1995 da ake kira hukuncin Bosman, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana tafiya kyauta, kuma dokar FIFA ta ba shi damar sa hannu da wata ƙungiya idan saura wata shida. Saboda haka shawarar gaskiya ana yanke ta ne tun saura shekara biyu: ko a sabunta, ko a sa shi kasuwa. Wanda ya bari sai saura shekara ɗaya ya riga ya rasa rabin ƙarfinsa a ciniki. Koci yana da haƙƙin a gaya masa da wuri, a kuma yi masa alkawarin wanda zai maye gurbin kafin a saki na hannu. Liverpool ta saki Coutinho ga Barcelona a Janairun 2018, a watan da Van Dijk ya iso kan fam miliyan 75, sannan Alisson ya biyo baya a bazara. Sayarwar da ta zo da shiri ke nan.

Inda abin ke lalacewa kuwa sananne ne, kuma kowanne cikin ukun yana da nasa laifin. Akwai mai ƙungiyar da ke saye da zuciya. Roman Abramovich ya kawo Shevchenko Chelsea a 2006 kan kusan fam miliyan 30, ɗan wasan bai dace da tsarin koci Mourinho ba, kuma a Satumbar 2007 Mourinho ya bar ƙungiyar. A Real Madrid, a 2003, shugaba Florentino Perez ya bar Makelele ya tafi Chelsea, ya kawo Beckham, ya kuma ƙi sabunta wa koci Del Bosque kwantiragi kwanaki kaɗan bayan ya ci gasar Sifaniya. Shekara uku suka biyo baya babu babban kofi, har Perez ya yi murabus a 2006. An sayo masu ƙawata wasa an sallami mai share musu hanya. A ƙwallon Amurka ma haka take: Jerry Jones ya sayi Dallas Cowboys a 1989 ya riƙe kujerar janar manaja da kansa, ya kuma rabu da kocinsa Jimmy Johnson a 1994 bayan sun ci kofi biyu a jere.

Akwai kuma daraktan da ke tsallake koci. A 2008 Kevin Keegan ya ajiye aiki a Newcastle bayan an kawo masa Ignacio Gonzalez aro ba da yardarsa ba, lokacin Dennis Wise ke kula da saye. Kwamitin sasanci ya ba Keegan gaskiya a 2009 aka biya shi fam miliyan 2, domin an fahimtar da shi tun farko cewa maganar ƙarshe tasa ce. A 2008 ɗin dai Alan Curbishley ya bar West Ham bayan an sayar da Anton Ferdinand da George McCartney ba da son ransa ba, shi ma ya yi nasara a shari'a saboda kwantiraginsa ya ba shi wannan iko a rubuce. Duk kocin da zai sa hannu a takarda ya kamata ya san waɗannan shari'o'i biyu.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba wa koci komai ma yana da tsadarsa, kuma a ganinmu wannan ce ta fi cin kuɗi a ɓoye. Bayan Ferguson da Gill sun tafi tare a 2013, Manchester United ta yi shekaru ba ta da daraktan ƙwallo, sai a 2021 ta naɗa. Moyes, Van Gaal, Mourinho, Solskjaer, kowa ya zo da irin wasansa ya sayi mutanensa, wanda ya gaje shi kuma ya tarar da ɗaki cike da 'yan wasa masu manyan albashi da ba su dace da nasa tsarin ba. Antony, da kocin United na lokacin, Ten Hag, ya horar a Ajax, ya zo a 2022 kan sama da fam miliyan 80, aka rabu da shi ƙasa da rabin haka. Koci yakan koma ga waɗanda ya sani, kuma duniyar da mutum ɗaya ya sani ƙarama ce.

Shi ya sa jerin naɗi yake da muhimmanci: darakta tukuna, sannan koci. Manchester City ta ɗauki darakta Txiki Begiristain a 2012, koci Guardiola bai zo ba sai 2016. Da koci Graham Potter ya bar Brighton a Satumbar 2022, cikin kwana goma suka naɗa De Zerbi, suka ƙare na shida, suka shiga gasar Turai karon farko a tarihinsu, domin kocin da zai dace da 'yan wasan da ke ƙasa suka nema. Napoli kuma ta nuna fuska biyun cikin shekara biyu. A 2022 darakta Cristiano Giuntoli ya saki Koulibaly da Insigne da Mertens, ya kawo Kvaratskhelia da Kim Min-jae da araha, koci Spalletti ya haɗa su da Osimhen suka ci gasar Italiya a 2023, karon farko tun 1990. A bazarar 2023 Spalletti da Giuntoli suka tafi, shugaba De Laurentiis ya ƙara jawo al'amura hannunsa, kakar da ta biyo baya aka yi koci uku aka ƙare na goma, kuma kusan da 'yan wasan da suka ci kofin.

A nan gida

Yawancin ƙungiyoyin babbar gasar Najeriya na gwamnatocin jihohi ne: Kano Pillars, Katsina United, Niger Tornadoes, Wikki Tourists, El-Kanemi Warriors, Plateau United, Enyimba. Ma'ana mai ƙungiya ba mutum ɗaya ba ne, ofis ne da ke canza hannu da zaɓe. Hukumar gudanarwa naɗin siyasa ce, kasafi kuma sai an saki kuɗi daga ma'aikata, wanda kan zo bayan 'yan wasan kirki sun riga sun sa hannu a wani wuri. Yawancin kwantiragi gajeru ne, don haka allon shekara uku da muka ambata ba shi da inda zai tsaya. A maimakonsa sai a kira tantancewa, matasa su cika fili, a ba kowa 'yan mintuna, ga kuma ƙananan takardu daga manya cewa a duba yaron wane. Idan kaka ta fara aka yi rashin nasara, sai a ba koci wa'adin wasa uku. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ɗaya ɓangaren kuma akwai kociyoyin da ke yawo da ayarin 'yan wasansu daga ƙungiya zuwa ƙungiya, ranar da suka tashi sai a wayi gari rabin tawaga ta bi su. Bashin albashi ma makami ne a hannun ɗan wasa: dokar FIFA ta ce wanda aka riƙe wa albashin wata biyu, in ya ba da gargaɗin kwana 15 a rubuce ba a biya ba, yana iya soke kwantiraginsa da hujja.

Ana iya yin abin daban a ƙasar nan. Remo Stars ta Ikenne, mallakar Kunle Soname, ta riƙe koci ɗaya, Daniel Ogunmodede, shekaru a jere, tana da filinta da makarantar yaranta, ta zo ta biyu sau biyu sannan ta ci gasar a 2025. A shekarar ce kuma gwamnatin Kano ta naɗa Ahmed Musa janar manajan Pillars alhali yana cikin 'yan wasanta. Kwarewarsa da mutanen da ya sani a Turai dukiya ce ga ƙungiyar, kuma irin wannan tsari ne ya fi kowanne buƙatar a rubuta iyakoki ƙarara, domin mutum ɗaya ne a saman koci a ofis, a ƙarƙashinsa a fili.

Ƙananan ƙungiyoyin Zariya, daga na cikin birni zuwa na Kongo da Samaru, su ma ukun nan suke da su ko da ba a kira su da waɗannan sunaye ba: Alhajin da ke sayen riguna da biyan kuɗin mota, da kocin da galibi tsohon ɗan wasa ne, da manajan da ke riƙe da lasisin yara. Takarda mai shafi ɗaya ta ishe su, a rubuta ta kafin kaka, lokacin da ba a yi faɗa ba tukuna. Alhaji ya faɗi abin da zai bayar a kaka da ranar da zai bayar. Kada yaro ya shiga rajista sai da sa hannun koci da manaja duka. Wanda Alhaji ko wani babba ya turo ya bi tantancewa kamar kowa, kuma kocin ya iya cewa a'a ba tare da ya rasa aikinsa ba. Sha ɗayan da za su fara wasa da canjin da za a yi, wannan na koci ne shi kaɗai, babu kiran waya daga rumfar manya a hutun rabin lokaci. Duk wanda ke da kaso a jikin yaro, koci ne ko manaja, ya bayyana, ya kuma fita daga zaman da za a yanke shawara a kansa. Sallamar koci kuma a ajiye ta zuwa lokutan da aka sa tun farko, tsakiyar kaka da ƙarshenta, a auna shi da 'yan wasan da ya yarda da su.

Babban aikin manaja a irin wannan ƙungiya shi ne takardu, kuma nan ne kuɗi ke salwanta ba a sani ba. FIFA ta hana a kai yaro ƙasar waje kafin ya cika 18 sai da wasu 'yan dalilai. Ahmed Musa kansa sai da ya jira cikarsa 18 a Oktoban 2010 kafin komawarsa VVV-Venlo ta Holan ta tabbata. Dillalin da ya zo da alkawarin fitar da ɗan shekara 16 gobe abin tuhuma ne. Sannan duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, kashi 5 cikin 100 na kuɗin na ƙungiyoyin da suka raine shi ne daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko kowacce tana da rubu'in kashi ɗaya, sauran kuma rabin kashi ɗaya. Yaron da ya zauna a ƙungiya daga 12 zuwa 17 ya tara mata kashi 2. In wata rana aka sayar da shi yuro miliyan 10, rabonta yuro dubu 200 ne, kuma za ta sake karɓa a duk irin wannan ciniki da ya biyo baya. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishin da ke bin wannan kuɗi da kansa, amma tarihin rajistar yaro a na'ura yake dubawa. Ƙungiyar da ba ta da rajista a ƙarƙashin hukumar ƙwallon ƙasa ta hannun ta jiha, ko wadda manajanta bai shigar da sunan yaron da shekarun da ya yi ba, ba za ta ga ko sisi ba, ko da duk unguwa ta shaida cewa a filinta ya koyi taka leda.